Motar da Ke Lafiya da Safe

Cikin wata biyu fistan biyu suka fashe a injin motar Kawu, kuma duka biyun da rana tsaka abin ya faru. Babu wanda ya kula da batun lokacin. Kowa wanda ke riƙe da sitiyari ya zuba wa ido, wato ƙanena.

Motar Passat ce ta kamfanin Volkswagen, mai dogon baya, ƙirar ƙarshen shekarun 1990, da inji 1.8 mai turbo. Da kuɗin shinkafa Kawu ya saye ta, ya damƙa wa ƙanena yana jigila tsakanin Auyo, Haɗeja da Kafin Hausa, wani lokaci har Gujungu, fasinja a kujera, buhuna a baya. Da ambaliyar 2022 ta zo, kogin Haɗeja ya tumbatsa ya haye gonaki da hanyoyi, motar ta shiga wani ruwa da ya fi ƙarfinta. Inji ya zuƙi ruwa ya tsaya cak, kwanrod ya lanƙwashe har ya tsaga bulok. Bayan ruwa ya janye aka je Kano aka sayo injin Beljiyam, wani makanike ya ɗora.

Motar ta tashi da ƙarfin da ba mu san ta da shi ba. Duk tsawon hunturu ba ta yi ko tari ba. A ƙarshen Janairun 2023, ranar da Shugaba Buhari ya zo buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗeja a Auyo, wuni ta yi tana kai da kawo, direbobin tasha suna cewa Kawu ya yi dace da inji. Sai azumi ya kama a ƙarshen Maris, zafi ya sauko, aka shiga yankan alkama. Wata rana bayan Azahar, tana ɗauke da lodi, ta fara fitar da shuɗin hayaƙi tana karkarwa. Aka buɗe, aka tarar gefen fistan ɗaya ya ɓalle. Aka ɗauki fasasshen aka kai kasuwa a matsayin samfur, aka sayo irinsa, aka ɗaura. A watan Mayu wani ya sake fashewa, aka sake yin yadda aka yi.

Daga nan Kawu ya karɓe makulli. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Abin da ya ce wa mahaifiyarmu, wadda take yayarsa, shi ne yaro yana tsere da mota, kuma ana raɗe-raɗin yana sayen man 'yan bumburutu mai araha ya soke canjin. Ƙanena ya rantse. Inna ta daina shiga gidan ƙanenta. A daidai lokacin aka cire tallafin mai, ranar 29 ga Mayu, lita ta haura naira 500, motar tana ajiye a ƙarƙashin darbejiya, gidaje biyu suna jin jiki.

Ni na roƙi Kawu ya bari a kai ta wajen wani dattijon makanike a Haɗeja, wanda ya tsufa a kan motocin Jamus. Kowa Baba yake ce masa. Da muka isa bai buɗe bonet ba. Ya ce, “Alhaji, ina fistan ɗin da suka mutu?” Allah ya sa ƙanena ya adana su a cikin wani tsohon buhun taki a but.

Baba ya wanke su da fetur, ya fito da su rana, ya daɗe yana jujjuyawa. Sannan ya fara cire zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya. In da baƙin mai ne ya ƙare ko jabu aka zuba, in ji shi, metal ne zai fara cinyewa, kuma jikin fistan zai yi kurji daga sama har ƙasa. Waɗannan jikinsu sumul yake. In da ruwan lagireto ne ya ƙone inji ya tafasa, fistan zai kumbura ya goge bango, gasket ya ba da kai; ba a canza gasket don ƙonewa ba ko sau ɗaya. In da gudu ne ya wuce kima, bawul ne zai sari kan fistan ya bar tabo, kuma babu tabon. Ɓarnar duk a wuri ɗaya take: ɗan dandamalin da ke tsakanin ringi na sama da na biyu ya karye, saman fistan kuma ta gefe ya yi ƙananan ramuka birjik, ya yi kaushi a ƙarƙashin yatsa. Ya sa yaronsa ya kwance fulogi. A jikin farin karan kowanne akwai ɗigo-ɗigo masu ƙyalli. Ya nuna wa Kawu da farce, ya ce, “Wannan naman fistan ne. Ana dukansa daga sama, yana fallatsa.”

Ya juya ga ƙanena. “Ɗana, kafin ta lalace ba ka jin wata ƙara?”

Ƙanena ya ce yana ji, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ya faɗa tun a azumi, aka ce masa farantin salansa ne ya kwance. Baba ya tambaye shi yaushe take yi. Ya ce da safe ba ta yi ko kaɗan. Da dare ma haka. Sai rana ta take, mota cike, yana giya ta huɗu ko ta biyar, ya taka totur zai wuce wata motar. Idan ya sauko giya ta uku ƙarar takan ɗauke. Kawu ya ɗago ya dube shi, domin mai tsere da mota ba a babbar giya da ƙaramin juyi yake tafiya ba. Yaron lallaɓa mai yake yi don balas ya cika.

Abin da ƙanena ke ji sananne ne tun farkon ƙera injin fetur. A ƙa'ida, fistan ya matse iska da mai, fulogi ya kyasta, wuta ta tashi daga tsakiya ta bazu a hankali zuwa gefe tana tura fistan ƙasa. Amma idan matsi da zafi suka yi yawa, ragowar haɗin da ke can gefe ba ya jiran wutar ta iso, sai ya fashe da kansa lokaci guda. Wutar cikin silinda tana haura digiri 2,000, gorar ruwan da ake yin fistan da ita kuwa a digiri 660 take narkewa. Abin da ke kare ta wani siririn lulluɓin iska ne da ke manne a samanta, tare da sanyayar mai da ruwa. Girgizar fashewar takan yaye wannan lulluɓi, ta kuma bugi dandamalin ringi sau dubbai a minti ɗaya. An san abin da ya kashe fistan ke nan. Saura abin da ya jawo shi.

Kawu ya koma kan mai. Baba ya zuƙo kaɗan daga tanki ya sansana, ya shafa a hannu ya bari ya bushe. Ya ce a da can akan gauraya fetur da kananzir, kuma lallai hakan yana kawo wannan ƙara, amma yanzu da kananzir ya fi fetur tsada nesa ba kusa ba, wa zai yi wannan asarar? Ya kuma tambaya ko akwai wata Golf ko Sharan a tashar Auyo da ta fasa fistan a bana, tunda wuri ɗaya duk suke shan mai. Babu. Ya gwada ƙarfin famfon mai, ya same shi daidai. Bai wanke man ƙasarmu gaba ɗaya ba: ya buɗe murfin tanki ya nuna mana takardar da ke liƙe, inda kamfani ya nemi fetur mai lamba 95, alhali mu iri ɗaya ake sayar mana a kowane gidan mai, ba zaɓi. Sai dai motar ta sha wannan man fiye da shekara kafin ambaliya ba ta yi ƙara ba.

Sai ya kwanta a ƙasa ya leƙa bayan bamba ta gefen hagu, ya kira mu. A nan intakula take a wannan mota, can ƙasa kusa da taya. Ba ma iya ganin raga-ragarta. Lakar fadama ta cike ta, ta bushe ta zama bulo, har da karan kacala a maƙale. An canza inji bayan ambaliya, amma ba wanda ya tuna da ita.

Aikin turbo shi ne ya yi amfani da hayaƙin salansa ya juya wata fanka, sau fiye da 100,000 a minti, ita kuma ta cusa wa inji iskar da ta fi wadda zai iya zuƙa da kansa. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar tun 1905. Amma duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. Idan iskar waje tana digiri 40, kamar yadda take a Haɗeja a Afrilu da Mayu, turbo ya ƙara mata rabin matsinta, za ta fito tana neman digiri 95. Intakula ce ke sauke wannan zafi kafin iskar ta shiga inji. Da asubar hunturu iskar da sanyinta take farawa, shi ya sa ba a gane komai ba wata huɗu. Nan muka ga dalilin safe da rana, muka ɗauka magana ta ƙare.

Aka kwance ta aka wanke. Washegari da ƙarfe biyu na rana Baba ya sa aka loda buhuna, ya zauna a gaba, ya sauke gilashi, ƙanena ya ja muka ɗauki hanyar Auyo. A giya ta biyar ya ce, “Taka.” Ƙarar ta ragu, amma tana nan. Baba ya ce a juya.

A hanyar dawowa ya faɗi abin da ke damunsa. Wannan mota tana da kunne. A jikin bulok akwai sensa biyu da aikinsu kawai su saurari wannan ƙara; da zarar sun ji, kwamfutar motar takan jinkirta kyastawar fulogi har ƙarar ta ɗauke. Kamfanin Saab na Suwidin ya fara haɗa irin wannan kunne da turbo a farkon shekarun 1980, daga baya kowa ya bi. To me ya sa kwamfutar ta zuba ido fistan biyu suka mutu? Ya zura hannu ƙarƙashin bututun shigar iska. Ɗaya sensar da yatsa ya juya ta, don ba a ɗaure ta ba. Ɗayar kuwa wayarta a jone take, amma ita kanta tana lilo, an ɗaure ta da igiyar roba a jikin wani ƙarfe. Ya ɗaure su a mazauninsu.

Gwaji na gaba ƙara ta ɗauke ƙaf. Kawu ya yi hamdala. Amma ƙanena ya ce, “Baba, ta mutu a ƙafa.” Da safe tana ja, da rana kuwa ko ya taka ba ta amsawa, kuma tana shan mai fiye da da. Da muka tsaya da magariba aka ɗaga bonet, bakin salansa inda turbo yake ya yi ja wur. Baba ya aika aka kira wani matashi mai na'urar gwaji. Na'urar ta nuna kwamfutar tana jinkirta wuta iya ƙarfinta a duka silinda huɗu. Wato kunne ya buɗe, yana ji, yana kuma kare injin, amma abin da yake karewa bai tafi ba. Wutar da aka jinkirta a salansa take ƙarasa ci, shi ne jan da muka gani.

A nan na ga bambancin makanike da mai canza kaya. Mota tana tafiya, ba ƙara, mai ita ya gamsu, kuɗin aiki yana hannu. Baba ya ce ba za ta fita ba.

Tun ranar farko akwai abin da ya gani ya yi shiru. A bayan top silinda, wajen da sarƙar kamshaf take, akwai wani soket da ba waya a jikinsa, kuma duk cikin wayoyin motar babu wadda ta rage ba ta da gida. Ya ce injin turbo na wannan shekara da ya sani ba shi da wannan soket. Ya shiga ɗakin ajiyarsa ya fito da wani tsohon fistan na Passat mai turbo, ya ajiye kusa da na Kawu a kan benci. Faɗinsu ɗaya, milimita 81. Da ido sai ka rantse tagwaye ne. Ya daidaita su, ya aiki yaro kemis ya sayo sirinji, ya ɗebi baƙin mai ya riƙa ɗigawa a kwarmin saman kowanne har ya cika. Na Kawu ya cika da wuri. Nasa ya ci gaba da sha, sai da ya ƙara kusan cokalin shayi ɗaya.

Sannan ya sa aka fitar da safaya. A ramin da take kwanciya akwai takardar kamfani mai ɗauke da bayanan motar, a ciki an rubuta harufan inji: AEB. Ya ɗauki tsumma da buroshin ƙarfe ya kankare dattin da ya rufe lambar da aka buga a jikin injin. Harufa uku suka fito: ADR.

Volkswagen da Audi sun yi injin 1.8 mai bawul 20 iri biyu a wannan zamani, suka saka a Passat da A4. Girman cikinsu ɗaya, sisi 1,781. AEB an haife shi da turbo, yana ba da ƙarfin doki 150, yana matse haɗin iska da mai sau 9.5. ADR ba shi da turbo, da kansa yake zuƙar iska, dokinsa 125, don haka aka ƙara masa matsi zuwa 10.3 ya rama. Kowace silinda tana ɗaukar kimanin sisi 445. In ka yi lissafi, ɗakin da ke rage wa wuta idan fistan ya kai ƙarshen sama ya kai sisi 52 a mai turbo, a ɗayan kuwa 48. Abin da sirinjin Baba ya nuna ke nan.

Yadda abin ya faru ba wuya a gane. An je kasuwa an ce ana son injin Passat 1.8 mai bawul 20, aka nuna wanda ba kaya a jikinsa, farashinsa da sauƙi. Makanike ya kwashe turbo, bututu, nozul, kaskon mai da wayoyi daga mataccen injin ya ɗora wa sabon, kusoshi suka shiga ramukansu, mota ta tashi. Ba na jin wani ya yi niyyar cuta. Amma sakamakon shi ne an saka wa injin da ba a yi shi don turbo ba turbo, ba tare da kowa ya san an yi ba. Ƙarfin da direbobi suka yaba a hunturu daga wannan ƙarin matsin ya fito. Kuma duk lokacin da fistan ya fashe aka kai shi kasuwa samfur, sai a sayo irin wanda bai dace ba, daidai wa daida.

Manyan kamfanoni ma sun taka wannan ƙaya. A 1962 Oldsmobile na Amurka ya fitar da Jetfire, ɗaya daga motocin farko masu turbo, ya bar matsin injin a 10.25. Don kada ya yi ƙara sai aka yi masa wani tanki na ruwa da sinadarin metanol da ake fesawa cikin iska. Masu mota suka riƙa mantawa da cika tankin, shekara biyu kawai aka yi ana ƙera ta, daga baya aka cire wa da yawansu turbon. Da BMW ya zo yin tasa a 1973, sai ya sauke matsi har 6.9. Motocin yau suna haɗa turbo da matsi sama da 10 lafiya lau, amma da wata dabara ta fesa mai kai tsaye cikin silinda, wadda injin Kawu ba shi da ita. A Turai akwai masu saka wa ADR turbo da gangan, su rage iskar, su sake tsara kwamfuta, su sha fetur mai lamba 98. A Auyo, cikin Mayu, da buhunan alkama a baya, intakula a toshe da sensa a kwance, ba abin da ya rage da zai tare.

Baba ya ba Kawu zaɓi uku: a nemo injin AEB na gaske, ko a cire turbo a mai da motar ta koma zuƙar iska da kanta, wanda zai ci sabuwar kwamfuta da bututu, ko a bar bulok a canza fistan huɗun zuwa masu zurfin kwarmi. Kawu ya zaɓi na uku. Wannan karon fistan ɗin Baba aka kai kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano samfur, da harufan inji rubuce a takarda. Bayan an ɗaura, na'ura ta nuna kwamfutar ta saki wuta, bakin salansa ya daina ja. Baba ya gindaya wa ƙanena sharuɗɗa: ya wanke intakula duk lokacin da ya ratsa laka, in yana da lodi da rana ya sauko giya kafin ya taka, kuma in ya dawo daga doguwar tafiya ya bar inji ya ɗan yi aiki a tsaye kafin ya kashe, don mai ya sanyaya turbo.

Kawu da kansa ya zo gidanmu da makullin. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya ce, “Yaya, na zalunci yaron nan, ki yafe mini, shi ma ya yafe.” Ya kuma je tasha ya faɗa a gaban shugabannin direbobi, domin a can maganar satar mai ta fara yawo. Motar ta ratsa bazarar 2024 ba a buɗe injinta ba.

Labarin ya bazu, amma ba ta fuskar da na zata ba. Ana cikin damina wani saurayi mai Golf 3 ya zo garejin Baba da turbo a leda, ya ce ya ji ashe ana iya ɗorawa a injin da ba shi da shi, yana son tasa ta riƙa jan lodi. Baba bai kore shi ba. Ya ce ana iyawa, ya zaunar da shi ya lissafa masa. Fetur kilo ɗaya iska kilo 14.7 yake buƙata ya ƙone daidai, don haka in an ƙara iska dole a ƙara mai, wato manyan nozul da famfo da wanda zai sake tsara kwamfuta. Motar Alhaji ta tsira daga wannan ne kawai don nata na asali aka mayar mata. Sai fistan masu kwarmi, sai intakula da wurin da za ta sha iska, sai bututun da zai kai wa turbo baƙin mai da wanda zai dawo da shi kasko, sai kulocin da zai iya riƙe ƙarfin, sai burkin da zai tsayar da motar. Saurayin ya rubuta duka a bayan katin waya ya tafi jin farashi. Da ya dawo, jimillar ta fi kuɗin Golf ɗin kanta, sai ya tambayi Baba ko ya san mai sayen turbo.